Tagar Ɗakin Jego

Dorina ta goma sha biyu ce ta fasa fatar bayan Shekara magini. Ya ji jinin yana gangarowa da ɗumi, yana gauraya da ruwan saman da ke dukansa tun hantsi, amma bai yi kuka ba. An ɗaure hannuwansa a jikin azarar da shi da kansa ya kafa a ƙofar barikin Nasara, a gefen Matameye ta hanyar Damagaram. Idonsa na kan gari, inda hayaƙin gidaje ya kwanta bisa katangu ya ƙi tashi.

"Gobe ma ka gudu," in ji gardi, dogarin Nasaran da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Dorina. Hausarsa a karye take, hannunsa kuwa lafiya lau. "Kumandan ya ce a toshe yoyo kafin ya dawo daga Kance. Kai ka ce gida."

"Taga zan buɗe in dawo," Shekara ya ce. "Wallahi taga kawai."

Har waɗanda aka kamo tare da shi aikin dole, suna tsaye da laka a hannu suna rawar ɗari, sai da wasunsu suka sunkuyar da kai don kada a ga murmushinsu. Kowa a Matameye ya san Shekara da zancen taga. Duk shekara, kafin ruwa ya sauka, sai ya ɗauki tsaninsa da doguwar gora mai tsintsiyar kaba a baki, ya bi gida gida ba wanda ya kira shi. Ya hau ya nemo 'yar kafar nan da magina ke bari can sama kusa da rufi, ya kakkaɓe kunkunniyar da ta yi mata cunkus, ya farfasa gidajen zanzaro, ya zaro tsummokaran da tsofaffi suka cusa. Mata su tsaya a ƙasa suna masa tsiya, wai ga maƙiyin ɗumi ya zo. Su ba shi fura ya sha, su yi masa sannu da aiki, yana fita zaure su mayar da tsummansu inda yake.

Ba haka ya tashi ba. Damina goma sha tara da suka wuce, matarsa Zainabu ta haifa masa 'yar fari. Yayarsa Balki, wadda rabin garin ya faɗo a hannunta, ita ta kama jegon. Ta yi shi yadda ta gada: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa, a liƙe ƙofa, a liƙe taga, domin mai ɗanyen jiki ba ta da abokin gaba irin sanyi. Ran kwana biyar aka sami Zainabu kwance kamar mai barci, leɓunanta jajir sai ka ce ta ci fure. Aka ce sanyi ne ya sami kafa ya shige ta. Amma da Shekara ya shiga ɗaukar gawar, kansa ya yi ta sarawa kamar ana buga masa guduma, kuma a bayan randa ya tarar da kazar da ke kwanci ta mutu bisa ƙwanta. Ya fito da kazar a hannu yana tambayar mutane ko ita ma jego take. Suka ce baƙin ciki ne ya taɓa shi, Allah ya ba shi haƙuri.

Yanzu jaririyar nan, Baiwa, ita ce ta dawo gidan ubanta haihuwar fari. Ta sauka lafiya, namiji, yau kwana biyar, a ɗakin da uwarta ta kwanta, a hannun Balki. Shekara ya buɗe tagar ɗakin tun kafin gardawan bariki su ɗebe shi, ya roƙi yayarsa ta bar ta haka. Ta ce masa "to", irin "to" ɗin da ake ce wa yaro. Da ya ga ruwan yau da sanyinsa, ya san abin da za ta yi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa ya sulale daga kan rufin bariki, aka cim masa tun bai kai marina ba.

Dorina ta goma sha uku ba ta sauka ba. Wani ya riƙe ta a sama. Isufu ne, mijin Baiwa, wanda aka kamo daga gonarsa da fartanya a hannu, saurayi mai kunya da bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba.

"Ya isa haka," ya ce. "Tsoho ne."

Mai Dorina ya saki dorinar, ya juya bindigarsa, ya maka wa Isufu gindinta a baki. Aka ji ƙarar haƙora. Isufu ya durƙusa a cikin taɓo yana tofar da jini, gardin ya bi shi da takalmi a haƙarƙari, sau uku, sau huɗu, har ɗaya gardin, wani dattijo mutumin Tasawa, ya ce masa in ya kashe mai ɗaukar laka shi zai ɗauka. Mutum huɗu da suka buɗe baki suka yi salati su ma aka haɗa da su. Aka kwance Shekara, aka tasa su shida zuwa kaso.

Kason ma aikin Shekara ne. Da rani ya gina shi, bango mai kauri, ƙyaure na katako mai ƙarfe, kuma tafinta ya gaya masa kumandan ba ya son ko kafar da ɓera zai bi. Aka tura su ciki, ƙyaure ya rufe, duhu ya haɗiye su da rana tsaka. Jikinsu sharkaf, ƙasan ɗakin sanyi ƙalau. Ba a jima ba haƙora suka fara kaɗawa, Ma'u masaƙi, wanda ya girmi kowa a cikinsu, ya soma tari yana kiran sunan Allah.

Dattijon gardin nan bai gama ƙeƙashewa ba, abin da ya jawo musu masifa ke nan. Wajen azahar ya buɗe ƙyauren kaɗan, ya turo musu babban kasko cike da garwashi, ya zuba gawayi a kai.

"Ku ji ɗumi," ya ce a hankali. "Kada ku ce ni na ba ku."

Suka yi ta sa masa albarka. Shekara kaɗai ya zabura.

"Ku mayar masa! Ɗakin nan ba ya numfashi, ni na gina shi. Wutar nan za ta kashe mu."

"An fara," in ji Illa mahauci, ƙato mai wuya kamar na bijimi. "Malam Shekara, a nan ma tagar ce?"

Shekara ya kai ƙafa zai kifar da kaskon. Illa ya cafke shi a wuya ya buga shi da bango, bayansa mai ciwo ya gogi yaɓe, sauran suka rufar masa. Mutanen da ya gyara wa ɗakuna, waɗanda ya sha furar gidajensu, su ne suka yi ta kirɓarsa a cikin duhu, wani da gwiwa, wani da dunƙule, suna huce haushin dorinar da ba su isa su rama ba. Isufu ya faɗa kansa ya kare shi, shi ma ya samu rabonsa. Da suka gaji suka watsar da su biyun a bakin ƙyaure, suka koma suka kewaye wutarsu.

Wannan watsarwar ita ta yi musu rana. A ƙasan ƙyauren akwai 'yar tsaga da ba ta kai kaurin kara ba. Shekara ya kafa hancinsa a nan, ya jawo kan Isufu ya ajiye kusa da nasa. Suna kwance kunci da kunci, suruki da suruki, abin da ko a mafarki ba su taɓa zato ba.

Ɗakin ya yi ɗumi, ɗumi mai daɗi. Hira ta tashi, ta yi sanyi, ta mutu. Wani ya ce kansa na ciwo. Wani ya yi amai, ya ce furar safe ce. Ma'u ya daina tari, aka ce ka ga, wuta ta yi masa magani. Can Illa ya yunƙura zai miƙe, ƙafafunsa suka ƙi, ya zauna daɓas yana kallonsu kamar ba nasa ba.

"Malam Shekara," ya ce, muryarsa ta zama ta yaro. "Me ke faruwa da ni?"

Shekara ya taɓa kafaɗar Isufu. Tun da aka ɗaura auren nan, in ban da gaisuwa, bai taɓa gaya wa yaron magana kai tsaye ba.

"Tashi ka dafa bangon gabas. Zan hau kafaɗarka."

"Baba..."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tashi."

Akwai abin da kumandan bai sani ba. Hannun da ya shekara goma sha tara yana buɗe taga ba zai iya gina ɗaki babu ita ba. Shekara ya bar kafa a bangon gabas, can sama, ya rufe ta da katangar fasasshiyar tukunya, ya shafe da yaɓe har ba mai ganewa. Bai taɓa tsammanin kansa ya gina wa ba. Ya taka gwiwar Isufu, ya taka kafaɗarsa, ya ji yaron yana nishi saboda haƙarƙarinsa, amma bai goce ba. Shekara ya auna taƙi huɗu daga kusurwa, ya ƙwanƙwasa, ya ji wurin da ke amsawa kamar ƙwarya. Ya dunƙule hannu ya nausa. Na farko yatsunsa suka fashe. Na biyu wani ƙashi ya karye a bayan hannunsa. Na uku hannun ya faɗa waje har gwiwa, katangar ta yanke shi, haske ya shigo tare da iska mai ƙanshin ruwa.

Mutane suka rarrafo ƙarƙashin hasken suna haki, baki buɗe. Illa ya kwashi jiƙaƙƙiyar rigarsa ya danne garwashin. Ma'u ne kawai bai motsa ba. Yana kishingiɗe a jikin bango, hannunsa a ƙarƙashin kunci, hasken ya sauka daidai fuskarsa. Leɓunansa jajir.

Shekara ya dube shi. Shekara goma sha tara yana zato, mutane suna masa dariya, har shi ma wani lokaci yakan ce ko dai haukar ce. Yau ga gaskiyarsa a gabansa, kuma bai ji daɗinta ko kaɗan ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba a ƙarƙashin dorina.

"Yarinyar nan," ya ce. "Yau kwana biyar."

Isufu ya gane. Illa ma ya gane, ya dubi hannunsa da ya shaƙe tsohon da shi, sannan ya ja jiki ya fara dukan ƙyaure yana ihu an yi gawa, an yi gawa. Sai da ya yi ta bugawa kafin a ji ƙarar sakata. Mai Dorina ya leƙo da zagi a bakinsa, Illa ya yaye rigar daga kan kasko ya watsa masa garwashin da ya rage a fuska. Gardin ya kurma ihu, ƙaurin gashi ya tashi, mutane suka yi waje gaba ɗaya suna tangaɗi kamar mashaya, suka bi ta kansa. Ya lalubo bindigarsa, ido ɗaya a rufe, ya ɗaga ta wajen Shekara. Isufu ya rungume shi ta baya suka faɗi a taɓo.

"Baba, tafi!"

Shekara ya tafi. Yana daidai marina ya ji ƙarar bindiga sau ɗaya a bayansa. Ƙafarsa ta so ta tsaya, bai bar ta ba.

Ya faɗi sau biyu a lungu, ya tashi. Ruwa ya koma yayyafi. Yana shiga gida idonsa ya sauka a bangon ɗakin jego: inda tagar take, sabon yaɓe ne, har da sawun yatsun Balki a jiki. An saki asabari, an jingina tufaniya a kai, an tokare da turmi. Balki ta leƙo daga nata ɗakin da jariri a hannu, ta ga ƙanenta jina-jina, ta yi salati.

"Ina take?"

"Yi a hankali, kada ka tashe ta. Na ɗauke mata yaron don ta huta. Tun azahar take barci, barci mai daɗi."

Maganar da ta gaya masa ke nan wancan karon, ba ta canza ko kalma ɗaya ba. Ya nufi ƙofar. Balki ta ajiye jaririn a gado ta fito da gudu ta sha gabansa, ta baje hannuwa.

"Shekara, ka haukace? Ɗakin 'yar farinka za ka shiga? Da sanyin nan za ka buɗe mata ƙofa? Uwarta ba ta ishe ka ba?"

"Yaya, kauce."

"Sai dai ka bi ta kaina."

Ya bi ta kanta. Matar da ta goya shi, wadda bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya kama ta da hannunsa mai lafiya ya jefar gefe, ta faɗi a cikin taɓo ɗankwalinta ya fita. Ya ture turmi, ya fizge tufaniya, ya tsinke asabari. Zafi ya buge shi a fuska, da wannan nauyin da ya baro a kaso. Baiwa tana kwance bisa gadon ƙasa, garwashi na ƙyalli a ƙarƙashinta, hannunta ɗaya ya zubo ƙasa. Ya kama ta ta hammata ya jawo ta waje, ya shimfiɗe ta a tsakar gida, ruwan sama yana sauka a jikinta.

Balki ta ga mai jegon kwana biyar kwance a ruwa, ta yi wani irin ihu da ya tara maƙwabta. Ta rarumi muciya ta shiga dukansa a baya, daidai inda dorina ta farfasa, tana kuka tana cewa ya kashe ta, ya kashe mata ɗiya. Mata suka cika gidan, wasu suna jan Baiwa ta ƙafa za su mayar da ita ɗaki, shi kuma ya kife a kanta ya ƙi saki. Muciya tana sauka, bai ma san tana sauka ba. Yana jijjiga ta, yana marin kumatunta, kanta yana lilo.

Tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa faɗinsa ba. 'Yar fari ce. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "ke", in ta shigo zaure ya kau da kai, ya yi kamar ba ita ce ransa ba.

"Baiwa!" ya ce. "Baiwa! Baiwa, ki tashi!"

Muciya ta tsaya a sama. Ƙirjin yarinyar ya ɗaga, ya tsaya, ya sake ɗagawa, sai ta juya ta kelaya amai a kan gwiwarsa. Ta buɗe ido da ƙyar, ta dafe kai.

"Baba? Kaina... kaina zai fashe."

Ya zauna a taɓo ya yi kuka kamar ba dattijo ba. Amma bai daɗe ba, don ya san su, ya san ɗakin za su mayar da ita. Ya kifa turmi a gindin bango, ya hau da taɓarya, ya yi ta dukan sabon yaɓen da hannu ɗaya har tsumman da ke ciki ya faɗo, ya ci gaba da duka har kafar ta kai faɗin faifai. Yana saukowa gardawan suka shigo.

Su biyu ne. Rabin fuskar Mai Dorina ta saluɓe, rigarsa ta jiƙe da jinin da ba nasa ba. Shekara ya dubi bayansu, ko sun taso Isufu. Babu. Ya dubi dattijon mutumin Tasawa, dattijon ya mayar da idonsa ƙasa. Baiwa tana jingine a jikin wata maƙwabciya, an lulluɓe ta da zanna, ba ta san da wa ubanta yake neman haɗa ido ba, shi kuma bai sami bakin gaya mata ba.

Suka buga shi ƙasa, suka ɗaure hannuwansa ta baya, karyayyen da mai lafiyan, suka sa masa igiya a wuya. Suna jansa ya ga Balki ta tsinci tsumman nan daga taɓo, ta matse shi, ta hau turmin. Hawaye take yi. Ba mugunta ba ce, ita ma tsoro take ji, arba'in da sauran nisa, ga kafa kamar bakin rijiya a kan gadon mai jego.

"Yaya!" ya yi ƙara. "Don Allah, Yaya!"

Mai Dorina ya rufe masa baki da gindin bindiga. A cikin jinin da ya cika masa kunne ya ji wata 'yar murya, wadda da ƙyar ta fito.

"Gwaggo. Bar ta."

Balki ta tsaya a kan turmi, tsumma a hannu, tana kallon kafar, tana kallon yarinyar. Igiya ta fizgi Shekara zuwa zaure kafin ya ga abin da ta yi.

Sai da suka kai bakin lungu ya samu ya karkata wuya. Daga nan ba a ganin kowa, sai saman bangon ɗakin. Hayaƙi yana fitowa ta tagar, siriri, yana ratsa yayyafi. Ya yi ta kallonsa yana tafiya da baya, har gardin ya sake jan igiyar.